Matan da Suka Ce An Umarce Su Su Rubuta: Tambayoyi da Amsoshi kan Sufancin Kirista a Tsohuwar Turai

Wanda ya buɗe tarihin cocin Turai na ƙarni na 12 zuwa na 15, da fafaroma da sarakuna da malaman jami'a zai fara cin karo, dukkansu maza. Sai ya ƙara nitsawa kafin ya ji wasu muryoyi daban, na mata, waɗanda suka ce sun gani, sun ji, an kuma umarce su su rubuta. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Su waye waɗannan mata, kuma a wane zamani suka rayu?

Shekaru kusan 300 ake magana, daga wajen 1140 zuwa 1440, lokacin da yammacin Turai gaba ɗaya yake bin cocin Roma, tun Martin Luther, wanda ya ɓalle daga cocin Roma, bai zo duniya ba. Ba ƙungiya ɗaya ba ce, yawancinsu ma ba su taɓa sa juna a ido ba. Hildegard ta Bingen Bajamushiya ce, shugabar gidan zuhudu a bakin kogin Rhine, ta rayu daga 1098 zuwa 1179. Hadewijch ta yi rubutunta a yankin Brabant a tsakiyar ƙarni na 13. Mechthild ta Magdeburg ita ma daga Jamus take. Italiya ta fitar da Angela ta Foligno da Katarina ta Siena, Suwidin ta fitar da Birgitta, Ingila kuma Julian ta Norwich da Margery Kempe. Sai Marguerite Porete, wadda ta rubuta da Faransanci, rubutun ya ci ranta.

Zamansu ma ya sha bamban. Akwai 'yan zuhudu na cikin gida masu rantsuwar har abada, akwai masu zaman ibada a cikin gari ba tare da rantsuwa ba, akwai wadda aka rufe ita kaɗai a ɗaki jikin coci, akwai gwauruwa mai 'ya'ya takwas, wato Birgitta, akwai kuma matar aure mai 'ya'ya 14.

Me suke nema da sauran Kiristoci ba su nema ba?

Kiristan wancan zamani ta hannun limamin coci yake sanin Allah, da hidimar da ake yi da Latin, harshen da talaka ba ya ji. Waɗannan mata ba su raina hakan ba, yawancinsu ma sun fi kowa zuwa coci. Sai dai labarin Allah daga bakin wani bai ƙosar da su ba. So suke su san shi da kansu, sani na ɗanɗano, har rai ya kai inda ba shi da wani so sai abin da Allah yake so. Wata wahayi take gani, wata murya take ji, wata kuma ta ce idan tafiyar ta yi nisa gani da ji duk sukan ƙare. Angela ta ce mafi girman abin da aka nuna mata, cikin duhu ta gan shi.

An daɗe ana karanta su kamar mata masu yawan hawaye da zafin zuciya, a bar tunani ga maza irin su Thomas Aquinas, babban malamin tauhidi. A ganina wannan zalunci ne. Tambayoyin da malaman Paris suke kokawa da su, su ne dai a gaban waɗannan mata: me ya sa akwai zunubi, ina iyakar hankali, yaya halitta za ta kusanci Mahalicci ba ta ƙone ba. Hanyar amsawar ce ta bambanta.

Ba an hana mata koyarwa a coci ba? Ina suka samu ƙofa?

An hana su kam. Wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Timoti ta ce bai yarda mace ta koyar ba, ta fari zuwa ga Korantiyawa kuma ta ce mata su yi shiru a taron ikilisiya. Jami'o'in da suka taso a Paris da Oxford ba sa karɓar mace a lokacin. A 1298 Fafaroma Boniface na Takwas ya ƙara da dokar da ta kulle duk 'yan zuhudu mata a cikin gidajensu.

Amma ƙofa ɗaya ta rage a buɗe, ta annabci. Malaman coci da kansu sun yarda Allah yana iya magana ta bakin wanda ya ga dama, kuma Bulus ɗin nan ya rubuta cewa Allah ya zaɓi raunanan duniya don ya kunyata masu ƙarfi. Nan matan suka kama. Shi ya sa kusan kowace za ka ji tana cewa ita jahila ce, mace ce mai rauni, ba ta so ta rubuta ba, tilasta mata aka yi. Hildegard ta ce a 1141, tana da shekara 42, aka umarce ta ta rubuta abin da take gani, ta ƙi, sai ciwo ya kwantar da ita, ba ta tashi ba sai da ta fara. Mechthild ta ba da labarin yadda aka gargaɗe ta cewa littafinta zai iya ƙarewa a wuta. Ta kai kuka ga Allah, tana cewa da ita malami ce namiji da ba a raina maganar ba. Amsar da ta ce ta samu ita ce ruwa ba ya tsayawa a kan tsauni, kwari yake gangarawa.

Shin dabara ce ko da gaske suke? Ina jin duka biyun ne, kuma ɗaya bai kore ɗaya ba. Sun yarda da zuciya ɗaya cewa ba maganarsu ba ce, sun kuma san sarai cewa da sun ce tasu ce babu wanda zai saurara.

Da hannunsu suka rubuta, ko maza ne suka rubuta musu?

Ya danganta da wadda ake magana. Akwai wani zane a littafin Hildegard mai suna Scivias: tana zaune da allon kakin zuma a cinya tana zana haruffa, harsunan wuta suna saukowa kanta, ga wani ɗan zuhudu mai suna Volmar ya leƙo kai ta taga yana jira. Haka aikin yake tafiya. Ita take tsara maganar da Latin ɗinta mai ƙarfi amma marar sulɓi, shi ya gyara nahawu ya mayar a kan fata. Hadewijch kuwa gwanar waƙa ce da ba ta bukatar mai gyara, ta san Latin da waƙoƙin Faransa.

Inda abin ya fi wuya shi ne wajen waɗanda suka yi shifta. Angela tana magana da harshen garinsu, wani ɗan zuhudu ɗan'uwanta yana juyawa zuwa Latin da sauri, a zaune a cikin coci don kada a yi zargi. Shi da kansa ya rubuta cewa da ya karanta mata abin da ya rubuta, sai ta ce ba ta gane shi ba, ya zama busasshe, mafi daraja a maganar ya zube. Ya kamata a yaba masa da ya bar wannan a rubuce, domin ya nuna mana girman abin da ke tsakaninmu da muryarta. Katarina ta Siena, 'yar marini, marubuta take yi wa shifta, kuma wasiƙunta da suka rage sun kai kimanin 380.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne rawar da suka taka wajen raya harsunan gida. Da yake an rufe musu makarantar Latin, da yawa sun koma ga harshen uwa tun malamai suna ganin bai isa ɗaukar maganar tauhidi ba. Ɗan littafin Beatrice ta Nazareth, wadda ta rasu a 1268, yana cikin zube mafi tsufa a harshen Holan. Na Julian shi ne littafi mafi tsufa da ya rage cikin Ingilishi wanda aka tabbatar mace ce ta rubuta.

Me ya sa sunan Hildegard ya fi tashi?

Saboda yawan abin da ta taɓa. Bayan littattafan wahayi uku manya, ta rubuta kan tsirrai da duwatsu da cututtuka da magungunansu, ta tsara waƙoƙin ibada fiye da 70 da karinsu, waɗanda har yau ake rerawa, ta kuma yi wasan kwaikwayo na waƙa inda kyawawan halaye suke fafatawa da Shaiɗan a kan rai guda. Kowa a wasan yana waƙa ban da Shaiɗan, shi ihu kawai yake yi, don a wurinta wanda ya rabu da Allah ya rasa kari.

Ta kuma yi sa'ar samun izini daga sama tun da wuri. A taron shugabannin coci a Trier na 1147 zuwa 1148 aka kai wa Fafaroma Eugenius na Uku wani ɓangare na rubutunta, Bernard na Clairvaux, fitaccen shugaban 'yan zuhudu, ya sa baki, aka ce ta ci gaba. Da wannan ta kwashe matanta daga gidan da maza suke iko da shi ta kafa nasu a Rupertsberg, ta yi wa'azi a fili a birane irin su Cologne tana yi wa limamai faɗa kan lalaci, ta rubuta wa Sarki Frederick Barbarossa wasiƙa mai zafi saboda yadda yake ɗaure wa fafaroman hamayya gindi.

Labarin da ya fi nuna halinta a shekararta ta ƙarshe ya faru. An binne wani mutum a maƙabartar gidansu, hukumomin coci na Mainz suka ce korarre ne daga coci, a tono shi. Ta ce ya tuba kafin ya mutu, ba za ta tono ba, ta ɓatar da alamar kabarin. Aka hana gidan karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin ibada, aka hana su rera waƙa. Tsohuwa mai shekara 80 ta rubuta musu doguwar wasiƙa kan matsayin waƙa a ibada, tana gargaɗin masu toshe bakin yabon Allah ba bisa haƙƙi ba. An ɗage hukuncin a 1179, ta rasu ran 17 ga Satumba na shekarar. A 2012 Fafaroma Benedict na Sha Shida ya sa ta cikin manyan malaman ikilisiya.

Su waye matan da ake kira beguine?

Mata ne da suka taso a ƙarshen ƙarni na 12 a biranen da yau suke Beljiyam da Holan da gefen Rhine. Ba su yi aure ba ko mazansu sun mutu, ba su kuma shiga gidan zuhudu ba, wanda galibi sai mai dukiyar da za ta kai. Suna zama tare, suna saƙa da wankin ulu da jinyar marasa lafiya da wankan gawa da koyar da yara, suna ci da guminsu. Wadda ta ga dama tana iya fita ta yi aure. Wannan 'yancin ne ya dami hukuma, don ba a san ƙarƙashin wa suke ba. Mechthild ta yi shekaru da yawa tana wannan zama kafin ta koma gidan zuhudu na Helfta da tsufa, wajen 1270. Unguwanninsu masu katanga suna nan a Bruges da Leuven da Ghent, UNESCO ta sa 13 daga cikinsu a jerin kayan tarihi na duniya a 1998.

Me ya sa aka ƙone Marguerite Porete alhali an bar sauran?

Marguerite daga yankin Hainaut take, ita ma ana kiranta beguine. Littafinta, Madubin rayuka, tattaunawa ce tsakanin Ƙauna da Hankali da Rai. Hankali yana ta tambaya yana firgita da amsoshin, har ya kai ga mutuwa a tsakiyar littafin. Ta tsara matakai bakwai na tafiyar rai, ta ce a na biyar da na shida son kai yana ƙarewa ƙurmus, ran ba ya neman aljanna, ba ya tsoron wuta, ya yi ban kwana da kyawawan halaye domin sun daina zama iyayen gijinsa, sun koma masu yi masa hidima. Ta kuma raba coci gida biyu: ƙarama, wadda Hankali yake mulki, da babba, wadda Ƙauna take mulki. Ba sai an faɗa wa bishop a wace aka sa shi ba.

Bishop na Cambrai ya sa aka ƙone littafin a gabanta a Valenciennes, ya hana ta yaɗa shi. Ba ta daina ba. Ta nemi ra'ayin malamai uku, cikinsu har da Godfrey na Fontaines, babban malamin tauhidi a Paris, wanda bai ga ɓata a ciki ba amma ya ce ba na kowa da kowa ba ne. Aka kama ta aka miƙa wa William na Paris, alƙalin binciken bidi'a, wanda kuma shi ne limamin Sarkin Faransa Philip na Huɗu. Wajen shekara ɗaya da rabi tana tsare, ta ƙi rantsuwa, ta ƙi amsa tambaya. Aka tsinto jimloli daga littafin aka ba malamai 21, suka ce bidi'a ne. Ɗaya daga cikin abin da aka riƙe shi ne cewarta rai irin wannan yana ba jiki abin da ya nema ba tare da nadama ba. A littafin kuwa maganar tana da ci gaba: jikin ya riga ya ladabtu, ba ya neman abin da aka hana. Ran 1 ga Yuni 1310 aka ƙone ta a dandalin Grève a Paris. Marubucin tarihin da ya kira ta ɓatacciya, shi ne kuma ya ce natsuwarta ta sa mutane da yawa hawaye.

Dalilan suna da yawa. Lokacin ya yi zafi, makonni uku kafin nan aka ƙone mutum 54 na Templar, wata ƙungiyar 'yan zuhudu mayaƙa, a bayan birnin. Ta rubuta da harshen da kowa yake ji. Ta saɓa wa hani. Amma wanda ya fi nauyi a wurina shi ne ba ta bi ƙofar da sauran suka bi ba. Ba ta kawo wahayi a matsayin hujja ba, ba ta da gidan zuhudu a bayanta, ba ta da limamin da zai tsaya mata. Koyarwa ta yi kai tsaye kamar malami. Taron shugabannin coci a Vienne na 1311 zuwa 1312 ya la'anci ra'ayoyi masu kama da nata, ya kuma taƙura wa matan beguine gaba ɗaya, har waɗanda ba su taɓa jin sunanta ba.

Littafin bai mutu ba. Ya ci gaba da yawo babu sunan marubuci, aka fassara shi zuwa Latin da Italiyanci da Ingilishi, 'yan zuhudu suna kwafa suna karantawa. A 1927 an buga shi a Ingila da amincewar hukumar Katolika, ana zaton wani malami ne namiji. Sai a 1946 wata masaniya 'yar Italiya, Romana Guarnieri, ta gane nata ne.

Da gaske ne ana rufe mace a ɗaki har ta mutu?

Da gaske ne, amma da son ranta, bayan bishop ya bincika hankalinta da wanda zai ciyar da ita. Ɗaki ne a jikin bangon coci. Ranar shiga akan yi mata addu'o'in da ake yi wa mamaci. Akwai taga da ke duban bagade, wato teburin ibada na coci, akwai wadda mai hidima take miƙo abinci, akwai ta waje mai labule inda mutanen gari suke zuwa neman shawara. Wani littafin jagora na ƙarni na 13 ya hana su kiwon dabba in ban da kyanwa. Julian irin wannan zaman ta yi a jikin cocin Saint Julian a Norwich, kuma har 1416 ana ambatonta a wasiyya.

To me Julian ta gani?

A watan Mayu 1373, tana da shekara 30 da rabi, ciwo ya kai ta bakin kabari. Limami ya zo ya riƙe gicciye a gaban fuskarta. Ta ce ɗakin ya yi duhu, gicciyen kaɗai ke da haske, sai ta ga jini yana gangarowa daga ƙarƙashin rawanin ƙaya, ɗigo bayan ɗigo kamar ruwan sama daga bakin rufi, suna bazuwa kamar ɓawon kifi. Mahaifiyarta tana tsaye a wurin, har ta miƙa hannu za ta rufe mata ido. Wahayi 16 ta gani, ta kuma warke.

A cikinsu aka nuna mata wani ɗan abu a tafin hannu, bai wuce girman gurjiya ba. Ta tambaya mene ne, aka ce duk abin da aka halitta ke nan. Ta yi mamakin yadda bai ɓace ba don ƙanƙanta, aka ce yana nan ne domin Allah ya yi shi, yana ƙaunarsa, yana kiyaye shi.

Amma abin da ya sa nake ganin Julian ta fi su duka zurfi shi ne abin da ta yi bayan haka. Ta rubuta gajeren bayani, sannan ta zauna da abin kusan shekara 20 tana juya shi, ta fito da littafi mai tsawo. Matsalarta babba ce. Tana yarinya annoba ta shafe mutanen Norwich a 1349. Coci ya koya mata akwai hukunci da wuta, ta kuma yarda. Amma a duk abin da aka nuna mata ba ta ga fushi a wurin Allah ba, sai alkawarin cewa komai zai daidaita. Yaya za a haɗa biyun? Ba ta jefar da ko ɗaya ba. Ta koma ga wani misali da aka nuna mata wanda ba ta gane ba da farko, har ta bar shi daga gajeren littafin: bawa ya ruga da gudu don cika aiken ubangijinsa, ya faɗa rami ya ji ciwo, ba ya iya ɗaga kai ya ga ubangijin, shi kuwa yana dubansa da tausayi ba da zargi ba. Ta bi kayan jikin bawan, da inda yake tsaye, da launin rigar ubangijin, har ta gane bawan Adamu ne, kuma Almasihu ne, faɗuwar ɗaya cikin zunubi da saukowar ɗayan duniya a hoto guda. Daga nan ta yi dogon bayani kan Yesu a matsayin uwa mai naƙuda da shayarwa. Wasu maza kamar Anselm sun riga ta furta haka, amma babu wanda ya gina shi kamar ita. A gajeren littafin akwai inda take neman uzuri cewa ita mace ce marar ilimi. A dogon ta cire wurin.

Me ya sa maganarsu take kama da waƙar soyayya?

Daga Littafi Mai Tsarki abin ya samo asali. Waƙar Waƙoƙi ta ango da amarya ce, malaman coci kuma sun fassara ta da Allah da rai. Bernard na Clairvaux kaɗai ya yi huɗuba 86 a kanta. Hadewijch ta ƙara da salon mawaƙan fada na zamaninta, ta mai da rai jarumi mai bauta wa Ƙauna, Ƙaunar kuma tana gudu tana ɓuya. Wanda ya karanta waƙoƙinta zai ga rashi da jira sun fi saduwa yawa nesa ba kusa ba.

Ba ciwo ne yake damunsu ba?

An faɗi haka. Tun 1917 wani masanin tarihin likitanci, Charles Singer, ya ce tartsatsin haske da Hildegard take gani alamar ciwon ɓarin kai ne. Katarina ta Siena ta kai inda abinci ba ya zama a cikinta, ta rasu a 1380 tana da shekara 33, wasu masana kuma sun danganta hakan da cutar ƙin cin abinci. Ita kanta ta taɓa kiran abin lalura. Masaniyar tarihi Caroline Walker Bynum ta nuna a 1987 cewa abinci ne kusan abu ɗaya da mace take da iko a kansa a lokacin, don haka azumi da ciyar da matalauta da yunwar Jibin Ubangiji suka zama harshen ibadarsu.

Ba na ganin dole a yi ado ga wahalar da wasunsu suka yi wa jikinsu. Akwai wuraren da suke da nauyin karantawa, kamar inda Angela ta sha ruwan da ta wanke kutare da shi. Amma ko an tabbatar da ciwo, bai bayyana littafin ba. Masu ciwon ɓarin kai suna da yawa, Scivias ɗaya ne.

Sun shiga harkar mulki?

Sosai. Birgitta da Katarina duka sun matsa wa fafaroma ya bar Avignon, birnin da ke Faransa ta yau inda fafaroma suke zaune a lokacin, ya koma Roma. Katarina ta je har can a 1376, tana kiran Gregory na Sha Ɗaya baba a wasiƙunta tana kuma ce masa ya zama namiji. Ya shiga Roma a Janairu 1377. Shekara guda bayan haka coci ya rabe, fafaroma biyu, wasu suka ɗora laifin a kan sauraron mata masu wahayi. A taron Constance, a 1415, Jean Gerson na jami'ar Paris ya rubuta kan yadda ake gwada ruhohi, yana nuna shakka a kan wahayin Birgitta. Daga nan ƙofar annabcin ta ƙara ƙuntata.

Matar aure fa, ina ta shiga?

Margery Kempe ce, 'yar magajin garin Lynn. Bayan haihuwar fari hankalinta ya gushe fiye da wata shida, ta ce ta dawo hayyacinta ne da Yesu ya zauna a bakin gadonta. Ta gwada sana'ar giya da ta niƙa, duka suka karye. Bayan haihuwa 14, wata rana suna dawowa daga York, tana riƙe da kwalbar abin sha, mijin da waina a ƙirjin riga, suka yi ciniki a bakin hanya: za ta biya masa bashinsa, ta riƙa ci tare da shi ran Juma'a maimakon azumi, shi kuma ya sakar mata jikinta. Ta tafi Urushalima da Roma da Santiago. A Urushalima ne kuka mai ƙarfi ya kama ta, bai sake ta ba shekaru, har abokan tafiya suka guje ta, wani mai wa'azi ya hana ta shiga inda yake huɗuba.

An sha tsare ta da zargin bidi'a. Da babban bishop na York ya ce ta daina koyarwa, ta ce ita ba ta hawa mumbari, hira ce kawai da kyakkyawar magana, kuma ba za ta bari ba. Wajen 1413 ta je tagar Julian neman shawara, suka yi kwanaki tare. Julian ta ce mata ta auna abin da take ji: idan bai saɓa wa girmama Allah da amfanin 'yan'uwa ba, ta bi, ta kuma yi haƙuri da bakin mutane. Da mijin ya faɗo daga bene ya tsufa ya rasa hankali, ita ta dawo ta yi jinyarsa tana wanke masa ƙazanta har ya mutu.

Akwai alaƙa da sufancin Musulunci?

Wanda ya san sufaye zai ji wasu maganganu kamar ya saba da su: ƙarewar son kai, bauta ba don lada ba. Akwai ma labari guda da ya ƙetara. Joinville, wanda ya gama tarihin Sarki Louis na Tara a 1309, ya kawo labarin wani ɗan zuhudu mai jin Larabci da ya gamu da tsohuwa riƙe da wuta a hannu ɗaya, ruwa a ɗaya, ta ce za ta ƙone aljanna ta kashe wuta don a bauta wa Allah saboda ƙauna kaɗai. Bai ambaci suna ba, amma a wurin Musulmi labarin Rabi'atul Adawiyya ta Basra ne, wadda Nana Asma'u ta ambata a waƙarta ta mata masu albarka.

Duk da haka tushen waɗannan mata na Kirista ne: Zabura, Linjila, Augustine, Bernard. Triniti da gicciye da Jibin Ubangiji su ne zuciyar rubutunsu, kuma nan ne addinan biyu suka rabu. Girmama kowane ɓangare shi ne a bar shi da bambancinsa.

Yaya littattafan suka iso hannunmu?

Da ƙyar. An gano rubutun Hadewijch a ɗakin karatu na Brussels a 1838 bayan an manta da ita ɗaruruwan shekaru. Asalin littafin Mechthild ya ɓace, fassararsa zuwa wani karin Jamusanci aka samu a gidan zuhudu na Einsiedeln a Suwizalan. Dogon littafin Julian ya tsira ne ta hannun 'yan zuhudu mata na Ingila da suke gudun hijira a Cambrai da Paris, aka fara buga shi a 1670. Na Margery kwafi ɗaya tak ya rage, a 1934 ya fito daga wani gidan masu hali a Ingila. Kafin nan 'yan guntaye kawai aka sani, waɗanda aka tace aka cire kukan da gardamar. Kwafin Scivias mai zane an kai shi Dresden don tsaro, ya ɓace a 1945. Sa'ar da aka yi, matan gidan zuhudu na Eibingen sun riga sun kwafe shi da hannu, zane da launi, tsakanin 1927 da 1933.

Da wace zan fara?

Fara da Margery, don labari ne na mutum mai bashi da miji da maƙwabta, zai shigar da kai zamanin. Daga nan ka ɗauki dogon littafin Julian, a hankali, babi ɗaya ko biyu a zama. Hildegard kuwa a fara sauraron waƙoƙinta, suna nan a intanet, kafin a shiga Scivias, wanda yake bukatar bugu mai zanen da sharhi. A bar Marguerite sai an saba da sauran, a kuma karanta ta gaba ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, don kowace jimla mai tsoratarwa a littafin tana da wata a gaba da take yi mata iyaka.